Taron Tsintsiya Ba Shara: Koyon Rabon Aiki A Gungun Kwamfutoci

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen koya wa ɗaliban kimiyya yadda ake rubuta manhajar da za ta yi aiki a kan kwamfutoci masu yawa a lokaci guda, amsar da aka fi ji daga bakin wasu shugabannin tsangayoyi ita ce a dakata tukuna sai an samu injin. A ganinsu wannan fanni na ƙasashen da suka mallaki manyan na'urori ne, kuma koyar da shi a jami'ar da ba ta da irin wannan na'ura daidai yake da koyar da iyo a tsakiyar hamadar Tenere. Maganar tana da daɗin ji, ta kuma yi kama da ta masu hankali, amma kuskure ce, kuma ɗalibai ne ke biyan kuɗin kuskuren da shekarunsu.

Abin da ake nufi da gungun kwamfutoci shi ne tarin injuna, daga goma zuwa dubbai, da aka jera cikin akwatunan ƙarfe aka haɗa su da wayoyin sadarwa masu sauri domin su taru a kan lissafi ɗaya. Kowane inji yana da masarrafansa, wato ɓangaren da ke yin lissafin, yana kuma da ma'ajiyar bayanai tasa wadda sauran injunan ba sa iya leƙawa kai tsaye. Manhajar da aka saba koya wa ɗalibi tana bin umarni ɗaya bayan ɗaya, kamar manomi shi kaɗai a gonarsa. Wadda ake rubuta wa gungu kuwa dole ta yanka aikin kashi-kashi, ta ba kowane masarrafi rabonsa, ta tsara yadda za su riƙa aika wa juna saƙo, sannan ta tattara sakamako wuri ɗaya. Bahaushe ya san irin wannan aiki tun kafin zuwan lantarki, ya kira shi gayya, saboda haka babu laifi a kira irin wannan manhaja da sunan manhajar gayya.

Duk wanda ya taɓa halartar gayya ya san cewa yawan jama'a kaɗai ba ya gama gona. Idan ba a raba kuyyoyi ba, ba a san mai farawa daga gabas da mai farawa daga yamma ba, sai a wuni ana kiɗa ana shan kunu, rana ta faɗi ciyawa tana nan inda take. Haka lamarin yake a ɗakin kwamfuta. Ilimin rabon aiki a kan mutum yake zaune, ana iya koyon mafi yawansa a kan ƙaramar kwamfutar cinya, kuma jami'ar da ta jinkirta koyar da shi har sai babban inji ya iso za ta wayi gari da taron tsintsiya ba shara.

Dalilin da ya sa fannin ya zama tilas

Shekaru da dama mai rubuta manhaja yana cin bulus. Idan manhajarsa ta yi nauyi, sai ya jira shekara biyu ya sayi sabuwar kwamfuta, aikin ya yi sauri ba tare da ya taɓa ko layi ɗaya ba, domin saurin bugun masarrafi yana ta hauhawa. Wannan garaɓasa ta ƙare a wajejen 2004 zuwa 2005. Saurin ya tsaya a tsakanin bugu biliyan 3 zuwa 4 a sakan guda, saboda ƙara shi yana haifar da zafin da ba a iya fitarwa daga ɗan ƙanƙanen guntun silikon. Sai kamfanoni suka sauya dabara, suka koma cusa ƙwayoyin lissafi da yawa cikin masarrafi ɗaya. Yau wayar salula ta talaka ma tana iya zuwa da ƙwaya takwas. Manhajar da ba ta iya raba aiki ba ƙwaya ɗaya take amfani da ita, sauran bakwai suna zaune suna kallo. Ke nan tun shekara ashirin da suka wuce rabon aiki ya daina zama ilimin ƴan tsiraru, amma har yanzu akwai manhajojin karatu da ke tafiya kamar hakan bai faru ba.

Tunanin kansa ya girmi kwamfuta. A 1922 wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Lewis Fry Richardson ya wallafa littafi a kan hasashen yanayi ta hanyar lissafi. Ya gwada da hannunsa, ya yi makonni kusan shida yana lissafa hasashen awa shida kacal, sakamakon kuma ya fito ba daidai ba. Duk da haka ya gane inda mafita take. Ya zayyana wani katafaren zaure mai ɗauke da mutum 64,000, kowa da yankin duniyar da yake lissafawa, kowa yana nuna wa maƙwabtansa sakamakonsa, ga kuma wani jagora a tsakiya yana kula kada wani yanki ya wuce wani ko ya yi baya. Wannan shi ne ainihin tsarin da manhajojin hasashen yanayi ke bi har yau. Richardson ya tsara shi da takarda da alƙalami, shekaru fiye da ashirin kafin a kunna kwamfutar lantarki ta farko.

Zancen yanayi ya shafi mutanen Sahel kai tsaye. Yawancin ruwan daminar wannan yanki yana zuwa ne daga manyan hadura masu tafiya a jere daga gabas zuwa yamma, waɗanda ke haɗuwa su zubar da ruwa cikin ƴan awoyi. Manhajar hasashe tana yanka sararin sama gida-gida kamar dara, tana lissafa iska da zafi da danshi a kowane gida. Idan gidajen suka yi faɗi da yawa, hadarin sai ya ɓace a cikinsu, a koma ƙiyasta shi. Domin a gan shi sosai ana buƙatar gidaje masu faɗin kilomita uku zuwa huɗu. Matsalar ita ce duk lokacin da aka rage faɗin gida da rabi, aikin yana ninkuwa kusan sau takwas: sau biyu ta tsawo, sau biyu ta faɗi, sau biyu kuma saboda dole a gajarta tazarar lokacin da ke tsakanin mataki da mataki. Sauka daga kilomita 12 zuwa 3 yana nufin ninki 64. Ƙasar Nijar mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, idan aka yanka ta gidaje masu kilomita uku-uku, za a samu gida kusan 140,000 a doron ƙasa, idan kuma aka jera hawa 50 zuwa sama sun kai miliyan 7, kowanne ana sabunta shi dubban lokuta kafin a samu hasashen yini ɗaya. Hasashen gobe da ya fito jibi ba shi da amfani ga kowa. A birnin Yamai akwai cibiyoyin yanayi biyu na yanki da na nahiya, AGRHYMET da aka kafa a 1974 da kuma ACMAD. Ambaliyar da aka gani a Yamai a 2020 da wadda ta auka wa Nijar da Maiduguri a 2024 sun isa shaida cewa buƙatar masu iya wannan lissafi ta riga ta iso ƙofar gida.

Abin da ake koya a haƙiƙa

Masu jiran inji suna ɗauka cewa darasin shi ne yadda ake sarrafa na'ura. Da za su duba abin da ke cikinsa, da sun ga cewa yawancinsa lissafi ne da tunani.

Darasi na farko shi ne gane abin da ke rabuwa da abin da ba ya rabuwa. Noman gona yana rabuwa, domin mutum ɗari suna iya shiga a lokaci guda. Haƙar rijiya ba ta rabuwa haka, domin ramin mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, kuma ba a haƙa gaba ta goma kafin ta tara. Kowace manhaja tana da gonarta da rijiyarta. Gene Amdahl, injiniyan kwamfuta ɗan Amurka, shi ya fito da wannan a fili a 1967. A ɗauki aikin awa 100 wanda awa 5 daga ciki ba sa rabuwa. Da ma'aikata 10 zai ɗauki awa 14 da rabi. Da ma'aikata 100 zai ɗauki ƙasa kaɗan da awa 6. Da ma'aikata 1,000 zai ɗauki awa 5 da minti 6. Wato an ƙara ma'aikata 900, an biya kuɗinsu da wutarsu, abin da aka samu bai kai ragin awa guda ba, kuma ko duk kwamfutocin duniya aka tara saurin ba zai wuce ninki 20 ba. Masu iya magana sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a bakin rijiya sarkin yawa ɗan kallo ne. A 1988 John Gustafson da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Sandia sun nuna ɗaya fuskar lamarin: a kan inji mai masarrafi 1,024 sun samu saurin da ya haura ninki 1,000, saboda sun faɗaɗa girman matsalar daidai da yawan ma'aikata. Idan gayya ta yi yawa, gona ake ƙarawa. Ɗalibin da ya fahimci waɗannan ƙa'idoji biyu ya san lokacin da ya dace a nemi babban inji da lokacin da nemansa almubazzaranci ne, kuma allo da alli sun wadatar wajen koya masa.

Darasi na biyu shi ne tsadar magana. Masarrafi yana iya yin dubban lissafi a cikin lokacin da saƙo ɗaya ke ɗauka kafin ya isa inji na kusa, ko da a kan wayoyi mafi sauri. Haske kansa santimita 30 kawai yake tafiya cikin kashi ɗaya daga biliyan na sakan, kuma babu injiniyan da zai sa saƙo ya wuce haske. A ɗauki fili mai gida 1,000 a tsaye da 1,000 a kwance, inda kowane gida ke buƙatar sanin halin maƙwabtansa. Idan aka raba shi ga ma'aikata 4, kowa yana da gida 250,000, waɗanda ke bakin iyaka ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, saboda haka aiki ya rinjayi magana. Idan aka raba shi ga ma'aikata 10,000, kowa yana da gida 100, kuma 36 daga ciki a bakin iyaka suke. A nan kowa ya koma ɗan aike, kuma sau da yawa manhajar takan fi jinkiri fiye da lokacin da ma'aikata ba su da yawa. Ko manyan injunan duniya ba su tsira daga wannan ba. Fugaku da ke birnin Kobe na Japan ya yi lissafi tiriliyan 442,000 a sakan a gwajin da ake jera manyan kwamfutoci da shi, gwajin da lissafi ya yi wa jigilar bayanai yawa. A wani gwajin mai suna HPCG, wanda ya fi kama da ainihin ayyukan kimiyya, abin da ya yi bai wuce tiriliyan 16,000 ba, ƙasa da kashi 4 cikin 100 na wancan. Lambar da ake bugawa a jarida ranar buɗe inji daban take da wadda mai bincike zai samu, kuma ƙwarewar mai rubuta manhaja ce ke rage tazarar.

Darasi na uku shi ne kurakuran da ba a sani ba a manhajar mutum ɗaya. Akwai rige-rige. A ce malamai biyu ne ke ƙirga buhunan da ke shiga sito, littafinsu kuma ɗaya. Kowannensu ya duba ya ga 10, kowa ya ƙara buhunsa ya rubuta 11, alhali buhu 12 ne a ciki. Muguntar wannan kuskure ita ce ba kullum yake faruwa ba. Ana iya gudanar da manhajar sau dubu lafiya lau, a na dubu da ɗaya ta ba da amsar ƙarya ba tare da ta yi ko tari ba. Irin wannan kuskure a manhajar ƙararrawa ta wani ɗakin kula da lantarki a jihar Ohio yana cikin dalilan ɗaukewar wutar ranar 14 ga Agusta 2003, wadda ta jefa kimanin mutum miliyan 50 cikin duhu a Amurka da Kanada. Akwai kuma cirko-cirko, inda ma'aikaci na ɗaya ke jiran saƙon na biyu kafin ya aika nasa, na biyu ma yana jiran na ɗaya, su tsaya haka har a kashe injin. Akwai rashin daidaiton kaya, inda aka ba mutum ɗaya ɓangaren gona mai tsakuwa, sauran suka gama suka zauna jiransa, domin gayya ba ta tashi sai na ƙarshe ya ajiye fartanya.

Akwai ma abin da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Kwamfuta tana riƙe adadin lambobi ƙayyadadde, wajen 15 zuwa 16 a irin lissafin da masu kimiyya suka fi yi, saboda haka jerin da aka bi wajen tarawa yana iya sauya amsa. A ce injin lamba huɗu kawai yake riƙewa. Idan aka tara 1000 da 0.4 za a samu 1000, a sake ƙara 0.4 a sake samun 1000. Idan kuwa aka fara tara 0.4 da 0.4 aka samu 0.8, sannan aka ƙara 1000, amsar 1001 ce. Sauya yawan ma'aikata yana sauya jerin tarawa, don haka manhaja ɗaya tana iya ba da amsoshi masu ɗan bambanci a kan ma'aikata 8 da ma'aikata 64. Dole mai bincike ya iya bambance wannan da kuskure na gaske. Duk waɗannan matsaloli suna bayyana a kan kwamfutar cinya mai ƙwaya huɗu kamar yadda suke bayyana a kan gungu mai dubbai.

Tarihi bai goyi bayan masu jira ba

Gungun kwamfutoci kansa ɗan talauci ne. A 1994 Thomas Sterling da Donald Becker, suna aiki a cibiyar Goddard ta hukumar NASA, sun haɗa kwamfutocin kasuwa 16 masu masarrafin Intel 486 da wayar Ethernet irin ta ofis, suka ɗora musu Linux, suka kira abin Beowulf. Sun yi haka ne domin manyan injunan wancan zamani sun fi ƙarfin aljihun ƙaramin rukunin masu bincike. Wannan dabara ta masu ƙaramin ƙarfi ita ce daga baya ta mamaye fagen, har ta kai tun Nuwamba 2017 duk injuna 500 da ke jerin mafiya sauri a duniya da Linux suke aiki. A shekarar 1994 ɗin ne kuma aka fitar da MPI, ƙa'idar da ma'aikata ke bi wajen aika wa juna saƙo, sannan OpenMP ya biyo baya a 1997 domin raba aiki tsakanin ƙwayoyin da ke cikin inji ɗaya. Dukansu ana samun su kyauta, suna aiki da harsunan C da C++ da Fortran, kuma su ne dai ake amfani da su a kan injunan da suka fi kowanne girma. Kwamfutar cinyar da ɗalibi ke kallon fim da ita yau ta ninka Beowulf na farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda ya ce ba shi da kayan koyarwa, kayan suna cikin jakar ɗalibansa.

Misalin Afirka ta Kudu ya fi kusa. Cibiyar manyan kwamfutoci ta ƙasar, CHPC da ke Cape Town, ta ɗauki horar da ɗaliban digirin farko da muhimmanci, tana tara su daga jami'o'i tana koya musu haɗa gungu da hannunsu. Ɗalibanta sun lashe gasar ɗalibai ta duniya da ake yi a Jamus a 2013 da 2014 da 2016 da 2019, a gaban tawagogin Amurka da Sin da Turai. Nasara biyu na farko sun zo ne kafin cibiyar ta kafa babban injinta Lengau a 2016. A gasar kuwa an ƙayyade wa kowace tawaga wutar da ba ta wuce wat 3,000 ba, wato abin da ƙaramin janareta ke bayarwa, saboda haka wanda ya fi iya tsara aiki shi ke cin nasara. Haka kuma lokacin da aka yi wa injin Ranger na Jami'ar Texas ritaya a 2013, bayan shekara biyar kacal yana aiki, an rarraba akwatunansa zuwa Afirka ta Kudu da Tanzaniya da Botswana domin koyarwa da bincike. Da tsohuwar zuma ake magani.

Shekaru biyar ɗin nan na Ranger abin lura ne. Babban inji yana tsufa da wuri, yana kuma cin wuta da kuɗin sanyaya ɗaki ko ana aiki da shi ko ba a yi. Frontier na cibiyar Oak Ridge a Amurka, wanda a 2022 ya zama na farko a jerin da ya haura lissafi biliyan sau biliyan a sakan, yana shan wuta kimanin megawat 21, kusan kashi ɗaya cikin shida na megawat 130 da aka tsara madatsar Kandaji za ta samar. Babu mai cewa jami'ar Sahel ta sayi irinsa, amma ƙa'idar ɗaya ce ga ƙaramin gungu. Horar da mutum har ya ƙware yana cin shekara uku zuwa huɗu. Idan sai ranar da aka yanke kyallen buɗe inji za a fara horarwa, kafin ɗalibai su ƙware injin ya ci fiye da rabin rayuwarsa yana hura iska. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Adalci ne a faɗi abin da masu jira suka yi daidai a kai. Akwai abubuwan da ba sa bayyana sai a kan babban inji: cunkoson wayoyin sadarwa idan dubban ma'aikata suka yi magana lokaci guda, wahalar rubuta sakamako mai yawa a faifai, da mutuwar inji ɗaya a tsakiyar aikin kwana uku. Wannan gaskiya ce, kuma babu mai musun cewa a ƙarshe ana buƙatar injin. Sai dai waɗannan darussan ƙarshe ne, kuma wanda bai iya raba aiki tsakanin ma'aikata huɗu ba babu abin da zai koya a gaban dubu huɗu face ɓarnar wuta. Cibiyoyin da ke ba da aron lokaci a kan injunansu sukan nemi mai nema ya nuna shaidar cewa manhajarsa tana ƙara sauri idan aka ƙara mata ma'aikata. Wanda bai koya a gida ba ko ƙofar aron ba zai shiga ba.

Wasu kuma suna cewa babu buƙatar koyo tunda akwai manhajoji shiryayyu, irin su WRF na hasashen yanayi, wanda ake saukewa kyauta kuma an riga an gina shi a kan MPI da OpenMP. Gaskiya ne cewa ba kowane mai bincike ne zai rubuta tasa daga tushe ba. Amma mai amfani da WRF shi ne zai zaɓi yawan ma'aikata da yadda za a yanka fili, shi ne kuma zai gano dalili idan aikin ya tsaya cik ko ya ƙi sauri. Bayan haka, wanda iyakarsa danna manhajar wasu ba zai iya gyara ta ba idan ta kasa fahimtar hadarin Sahel ko ƙurar hunturu, sai dai ya jira wani a wata nahiya ya ga dama.

Hujja ta uku ita ce ta zamani: manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta umarnin MPI cikin sakanni, to me ya sa za a wahalar da ɗalibi? Suna rubutawa kam, kuma sau da yawa rubutun yana tafiya. Sai dai an riga an ga cewa kuskuren manhajar gayya yana iya kwanciya shiru ya ba da amsa mai kama da gaskiya. Dole a samu mutumin da zai karanta abin da aka rubuta ya gane cewa ga rige-rige a nan, ga saƙon da bai kamata a aika ba a can. Sauƙin samun rubutu ya ƙara wa mai iya tantancewa daraja. Su kansu waɗannan manhajoji a kan gungun dubban masarrafan zane ake horar da su, kuma masu ilimin rabon aiki ne ke tsara horon.

Malamin hadda

Akwai wani laifin da ya kusa kai na jira muni, wato koyar da fannin a matsayin hadda. A wasu azuzuwan da aka ce ana koyar da shi, ɗalibi yana haddace sunayen umarnin MPI da rabe-raben injuna, ya zuba su a takardar jarrabawa, ya ci maki mai kyau, alhali bai taɓa ganin manhajarsa ta yi cirko-cirko ba. MPI yana da umarni ɗaruruwa, amma shida sun isa a rubuta manhaja cikakkiya: na buɗewa, na sanin yawan ma'aikata, na sanin lambar kai a cikinsu, na aikawa, na karɓa, da na rufewa. Ana koyon su a mako guda. Sauran zangon karatun na gwaji ne da awo.

Tsarin da ya dace ba ya buƙatar kasafin ma'aikatar ilimi. A fara a shekara ta biyu ta jami'a, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ya shekara huɗu yana tunanin umarni ɗaya bayan ɗaya yana shan wuya kafin ya sake. Ɗalibi ya fara rubuta manhajar mutum ɗaya mai ba da amsa daidai, misali yadda zafi ke yaɗuwa a farantin ƙarfe, ya auna lokacin da take ci, ya gano inda ta fi ɓata shi. Sannan ya raba ta da OpenMP tsakanin ƙwayoyin kwamfutarsa, daga nan ya sake rubuta ta da MPI. A zango na biyu a tattaro tsofaffin kwamfutocin tebur da aka jibge a sito, guda shida ko takwas, ɗalibai su haɗa su da waya da kansu, su ɗora Linux da manhajar Slurm mai tsara layin ayyuka, su ɗanɗani yadda ake miƙa aiki a jira. Jarrabawa kuma ta zama jadawali: lokacin da aikin ya ci da ma'aikaci 1, da 2, da 4, da 8, da 16, tare da bayanin dalilin da ya sa ribar ta fara raguwa a inda ta fara, da kuma shaidar cewa amsar ba ta sauya ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗalibin da ya iya kare wannan jadawali a gaban malamansa zai iya zama a gaban kowane inji a duniya, domin umarnin da ya rubuta a kan tsofaffin kwamfutoci takwas su ne zai rubuta a can.

Kammalawa

Sayen inji yana da farin jini saboda ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, ana kiran manyan baƙi ranar buɗe shi. Ɗalibi ashirin da suka iya auna manhaja ba sa cika hoto, amma su ne za su sa injin ya biya kuɗinsa idan ya zo, su ne kuma za su iya neman aron lokaci a injunan wasu ƙasashe kafin ya zo. Jami'ar da ke da malami ɗaya mai sanin C ko Fortran, da ɗalibai masu kwamfutar cinya, da tsofaffin injuna a sito, ta riga ta mallaki duk abin da ake buƙata domin buɗe ajin. Abin da ya rage shi ne majalisar tsangaya ta sa darasin a jadawalin zango mai zuwa, ta ba malamin ɗaki da wutar awa uku a mako, ta kuma daina karɓar rashin inji a matsayin uzuri.